Likita da dare, baƙo da safe

A cikin hutun damina da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya kira ni daga Faransa da sanyin safiya. Shekara uku na koyar da shi faransanci a lise, kuma har yau, da gemunsa da digirinsa na likita, «Mushe» yake ce mini. Ya kwana yana gadi a sashen gaggawa na asibitin wani ƙaramin gari, shi kaɗai ne likita a sashen tun daga magariba har wayewar gari. Da ya tuɓe farar riga bai nufi gida ba, ofishin perfe ya nufa, domin ƴar takardar wucin gadin da yake zaune da ita saura kwana tara ta ƙare. Daga cikin layi yake yi mini magana. Ya ce: «Mushe, da dare rayukan mutane suna hannuna, ba wanda yake tambayata takarda. Da safe kuwa ga ni riƙe da lamba, ina jiran a kira ni.»

Wannan magana ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Ƴan'uwana malamai, mu ne muke tura yaran nan gaba, mu ne muke ce musu ilimi mabuɗin kowace ƙofa ne. Ya kamata mu san irin ƙofar, mu san kuma wanda yake riƙe da sakatarta. Abin da nake so in faɗa guda ne: takardar izinin aiki da ake bai wa gwanayen baƙi ana tallarta a matsayin ma'aunin gwaninta, alhali abin da take aunawa shi ne buƙatar mai gida a ranar da ya sa hannu. Zan tsaya a kan Faransa, domin ita muka fi sani, harshenta nake ci da shi, kuma ba ta da na biyu wajen raɗa wa irin wannan al'amari suna mai daɗin ji.

Ga yadda abin yake a doka. Baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba, ba shi ne yake neman izinin da kansa ba, wanda zai ɗauke shi aiki ne yake nema masa. Kafin nan sai mai aikin ya yi shelar gurbin har mako uku a ofishin samar da aiki na gwamnati, ya nuna cewa a cikin waɗanda suke ƙasar ba a samu wanda ya dace ba. In an amince, kuma kwantaragin ya kai shekara, sai ya biya harajin da ya kai kashi 55 cikin 100 na albashin wata guda. Izinin da zai fito yana ɗaure da wannan aikin. In baƙon ya so ya sake uban gida, sai an sake neman wani izinin. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san ma'anar wannan: mutumin da zamansa a ƙasa yake rataye da sa hannun uban gidansa ba ya ɗaga murya a kan awannin da aka ƙara masa, ba ya kuma tambayar dalilin da ya sa aka tsallake shi ranar ƙarin girma.

Akwai kuma jerin sana'o'in da aka ce hannu ya yi ƙaranci a cikinsu, waɗanda suke kira métiers en tension. An fitar da na farko a watan Janairu na 2008 da sana'a 30, aka sabunta shi a 2021, aka sake sabuntawa a 2025. Wanda sana'arsa ta shiga jerin an yafe masa shelar mako ukun nan. Jerin kuma jiha-jiha yake, ta yadda mai walda ɗaya, da hannu ɗaya da takardun shaida ɗaya, zai iya zama abin nema a wannan jiha, ya zama kaya a maƙwabciyarta. Shin gwanintarsa ce ta ragu a kan hanya?

Tarihin ma haka ya nuna. A 1945, bayan yaƙi, Faransa ta kafa ofishin ɗauko ma'aikata daga waje, aka yi ta jigilar ƙarfafan samari zuwa ma'adinai da masana'antun motoci da wuraren gini. A watan Yuli na 1974, da tsadar man fetur ta girgiza tattalin arziki, aka rufe ƙofar. A 1986 aka ɗora wa ƴan Afirka biza. A 2006 aka buɗe wata ƴar taga ga masu ilimi. Ranar 31 ga Mayu 2011 ministan cikin gida Claude Guéant ya aika wa perfe-perfe takardar umarni cewa a tsananta wa ɗaliban waje da suka gama karatu a Faransa suna neman izinin aiki, har injiniyoyin da kamfanoni suka riga suka ɗauka suka wayi gari an ce su tattara. Shekara guda cur bayan haka, ranar 31 ga Mayu 2012, sabuwar gwamnati ta soke umarnin. A 2016 aka ƙirƙiro passeport talent mai shekara huɗu. A watan Janairu na 2024 aka sake doka. Famfo ne: a buɗe in ana jin ƙishirwa, a murɗe in zaɓe ya gabato.

Bari in tsaya kaɗan a kan 2006, domin a nan ne aikina na malamin nahawu ya shigo. A shekarar ne Nicolas Sarkozy, yana ministan cikin gida, ya shahara da kalmomi biyu: immigration choisie da immigration subie, wato shigowar baƙin da aka zaɓa da shigowar waɗanda aka haƙura da su dole. Duk ɗan aji huɗu na kwaleji ya san cewa irin wannan siffa ta choisie tana nuna an yi aiki, tana kuma ɓoye wanda ya yi shi. Da hausa ma muna da irinta: «an zaɓa». Wa ya zaɓa? Daga garken wa aka zaɓa? Wa ya yi kiwon? Kalmar ba ta faɗa ba, kuma don kada ta faɗa aka ɗauko ta. Mu da muka tashi kusa da kasuwar dabbobi mun san wanda yake zagayawa yana taɓa ƙugu, yana buɗe baki ya duba haƙori, ya ware wannan ya bar wancan. Sai dai shi mai sayen rago yakan biya makiyayi kafin ya ja igiya. Shugaban Senegal na lokacin, Abdoulaye Wade, ya fito fili ya soki wannan manufa, yana ganinta a matsayin kwashe masu ilimin da ƙasashe matalauta suka kashe kuɗi suka horar. Kuma da Sarkozy ya je Bamako da Kwatano a watan Mayu na shekarar, zanga-zanga ce ta tarye shi.

Dokar 24 ga Yuli 2006 ta haifi wani kati mai suna compétences et talents, na shekara uku. Ga ƴan ƙasashe irin tamu sau ɗaya tak ake sabunta shi, shekara shida ke nan, daga nan sai gida. An ce wai don a kare mu ne, kada a raba mu da gwanayenmu har abada. Ni dai ban taɓa jin kariyar da take karɓar shekarun ƙarfin mutum ta mayar wa danginsa da sauran ba. Kuma duk da ƙarar gangar da aka buga, ƴan ɗaruruwa kawai ake bayarwa a shekara, har aka binne katin a 2016 ba tare da kowa ya yi ta'aziyya ba.

Akwai wasu kalmomin biyu da nake so a sa wa ɗalibai a allo. Injiniyan da ya baro ƙasa mai arziki ya zo Arlit ko Yamai, sunansa expatrié, a da ma coopérant: da gida da mota da kuɗin wahalar zafi, albashinsa ya ninka na ɗan ƙasa da suke aiki ɗaya. Injiniyan da ya baro Maraɗi ya je Liyon, sunansa immigré, kuma sau da yawa ƙasa da ɗan ƙasa ake biyansa. Tafiya ɗaya ce, jirgi ɗaya ne, sai dai wannan ya nufo kudu wancan ya nufi arewa. A duk inda aka haɗu, mu ne a ƙasan ma'auni: a gidanmu domin baƙo ya fi mu tsada, a gidansu domin mun fi su araha. Kakanninmu tsofaffin soja sun riga mu ɗanɗana wannan lissafi. Sun shiga rami ɗaya da sojan Faransa, amma daga 1959 aka daskarar da fanshonsu a kan abin da yake a lokacin, ba a daidaita shi da na abokan yaƙinsu gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun kwanta dama.

Yanzu mu koma kan likitoci, inda abin ya fi fitowa tsirara. Tun a 1933 Faransa ta yi dokar da ta keɓe aikin likita ga mai takardar ɗan ƙasa da digirin ƙasar. Kare kasuwar ƴan gida ne manufar, kuma ba a ɓoye ba. A 1971 aka kafa ƙayyadadden adadin ɗaliban da za su wuce shekarar farko ta karatun likita, aka yi ta matse shi har ya sauko wajen 3500 a 1993, da tunanin cewa in likitoci suka ragu kuɗin jinya zai ragu. Mutane suka tsufa, likitoci suka yi ritaya, ƙauyuka da ƙananan garuruwa suka wayi gari ba mai duba su. Ba a soke ƙayyadewar ba sai a 2020, alhali horar da likita yana cin wajen shekara goma. Wannan rami da suka haƙa da hannunsu, da wa aka cike shi? Da dubban likitocin da suka yi karatu a wajen Tarayyar Turai, waɗanda aka taƙaita sunansu zuwa PADHUE, kamar sunan wani magani.

Ana ɗaukarsu da muƙamai na wucin gadi, wasu a matsayin masu riƙe wa ɗalibin likita wuri, wasu a matsayin masu koyon aiki, ko da kuwa sun yi shekaru suna fiɗa a ƙasarsu. Kwantaragi na ƴan watanni, takardar zama ita ma ta ƴan watanni. Albashin ɗalibina bai kai rabin na abokin aikinsa da suke karɓar gadi hannu da hannu ba. Hanyar fita ɗaya ce: jarrabawar tantance ilimi, sannan shekara biyu ta aiki ƙarƙashin kulawa, sannan wani kwamiti ya duba. Kada a ce na ƙi jarrabawa. Ni malami ne, da ita nake kwana da ita nake tashi, kuma ba zan so a miƙa wa kowa wuƙar fiɗa ba tare da an tabbatar da hannunsa ba. Amma wannan gasa ce mai ƙididdigaggun kujeru. Mutum yana iya samun makin da ya haura matsakaici ya faɗi, don kawai kujerun fanninsa sun ƙare. Washegarin faɗuwar kuma sai ya koma sashen nan dai, ya ci gaba da duba marasa lafiyan nan dai.

To, a nan nake so masu kare wannan tsari su ba ni amsa. In likitan nan bai ƙware ba, don me aka bar masa sashen gaggawa shi kaɗai da tsakar dare, da ƴaƴan mutane da iyayensu? Wannan ai ganganci ne da rayukan Faransawa. In kuwa ya ƙware, don me ake biyansa rabi, ana sa shi layi duk bayan ƴan watanni? Ɗaya daga cikin biyun nan dole ƙarya ce, kuma asibitocin sun san wacce ce, tun da ba su taɓa fasa ba shi gadi ba.

Ba ni kaɗai na gani ba. Ranar 16 ga Janairu 2024 shugaba Emmanuel Macron da bakinsa ya amsa a gaban ƴan jarida cewa waɗannan likitoci su ne suke tallabe da wasu sassan asibitoci, kuma an bar su cikin rashin tabbas na takardu. Mako biyu bayan haka firaministansa Gabriel Attal ya shaida wa majalisa cewa zai naɗa manzo na musamman da zai je ƙasashen waje ya nemo likitoci. A lura da tsarin: na cikin gida suna layi a ofishin perfe, ana kuma shirin aika ɗan aike ya ƙaro wasu. A watan Maris na 2025 wasu daga cikinsu sai da suka shiga yajin cin abinci kafin a waiwaye su.

Wa ya biya kuɗin wannan likita? Mu lissafa tare, tun da mu ne muka san hanyar. Shekara shida a firamare, sau da yawa a rumfar zana da ake sake ɗaurawa bayan kowace damina. Huɗu a kwaleji, uku a lise. Sannan shekara bakwai ko fiye a sashen koyon likita na jami'ar Abdou Moumouni, da yajin aiki da jiran kuɗin tallafi da kwana huɗu-huɗu a ɗakin mutum biyu. Shekara ashirin ke nan ko fiye. A cikinsu akwai harajin manomi da na mai tebur, akwai akuyar da uwa ta sayar, akwai ɗan gidan da ya sauka a wurin wani kawu a birni, akwai kuma muryoyinmu da suka dushe a aji mai ɗalibi tamanin. Duk wannan ba ya cikin takardar izinin aiki. Harajin nan na kashi 55 cikin 100 da mai ɗaukar aiki yake biya, baitulmalin Faransa yake shiga. Ko dala ba ta komawa lakwal ɗin da ta koya wa yaron baƙaƙe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ce, ƴan Nijar ba su da yawa a cikin likitocin nan. Mafi yawansu daga Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Siriya da Labanan suke. Amma yawa da ƙaranci da gwargwadon rumbu ake auna su. Faransa tana da likita fiye da 30 ga kowane mutum 10 000. Mu ko ɗaya ba mu da shi ga wannan adadi. Likita guda da ya tafi daga nan, wata gunduma ce sukutum ta rasa mai yi wa mace fiɗa ranar da haihuwa ta gardama. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta san da haka: a 2010 ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a 2023 ta lissafa ƙasashe 55 da ta ce kada a je farautar ma'aikata a cikinsu, Nijar tana ciki. Sai dai ƙa'idar ta ganin dama ce, ba ta da haƙori. Akwai kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 a kan haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu. Nijar ta shiga cikinta a 2009. Babu ƙasa ko ɗaya ta Tarayyar Turai da ta amince da ita. Masu koya mana darasin haƙƙin ɗan Adam a kowane taro, da aka zo kan haƙƙin wanda yake yi musu aiki sai alƙalami ya ƙafe.

Na san abin da za a ce mini, domin a ɗakin malamai ma an faɗa mini shi. Za a ce kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai shiga gidanta. Na yarda. Amma ikon rufe ƙofa daban, ikon shigo da mutum ka ci guminsa sannan ka hana shi kujera daban. Za a ce ba wanda ya ɗaure yaron ya kai shi, kuma rabin albashin can ya fi cikakken na nan, har yana aiko wa gida. Wannan ma gaskiya ne, na ga rufin kwanon da ya yi wa mahaifiyarsa. Sai dai cewa mutum ya karɓi ƙaramin farashi don yunwa ba ya mayar da farashin adalci. Ƴan kasuwar da suke sayen hatsi a gona tun kafin girbi su ma hujjarsu ke nan.

Akwai kuma masu cewa waɗannan yara sun ci amanar ƙasa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Da waɗannan ne na fi yin faɗa, ko da yake abokaina ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ɗalibina bai tafi ba sai da ya yi hidimar ƙasa ya gama, ya zauna yana jiran a ɗauke shi aikin gwamnati, yana ƴan gadi a asibitocin kuɗi ana biyansa abin da bai isa hayar ɗaki ba, a ƙasar da ake cewa ba likitoci. Mu malamai kuwa da wane baki za mu zarge shi? Tun ƙarshen shekarun 1990 aka cika makarantunmu da ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, masu aiki ɗaya da na mai lambar ma'aikaci a kan ɗan abin da ake kira pécule, wanda shi ma sai ya ga dama yake zuwa. Wato mun ƙirƙiro namu PADHUE a cikin gida, da ƴaƴan ƙasa, ba tare da ko uzurin baƙunta ba. Ƙasar da take riƙe gwaninta da igiyar wucin gadi ba ta da ta cewa in wata ƙasa ta zo da igiya mai ɗan tsawo.

In akwai mai sauran shakka cewa takardar nan ba gwaninta take aunawa ba, 2023 ta isa ta warkar da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kamar yadda ta yi a Bamako da Wagadugu. A watan Satumba aka aika wa gidajen wasanni da na raye-raye da suke cin tallafin gwamnatin Faransa umarnin su dakatar da hulɗa da masu fasahar ƙasashen uku, abin da ya tayar da ƙura har hukumomi suka koma suna gyara magana. Ƙungiyoyinmu na al'adu ba su manta ba. A watan Janairu na 2024 aka rufe ofishin jakadancin. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu, da injiniyan da kamfani yake jira, da mai kiɗan da aka gayyata, duk suka tsaya cak. Ba abin da ya ragu a kansu ko a hannunsu a daren 26 ga Yuli. Manya ne suka ɓata, takarda ta bi sahu. Kuma duk wannan a ƙasar da a babban birninta aka haifi ƙungiyar masu magana da faransanci ranar 20 ga Maris 1970, wadda ɗan Maraɗi, Dan Dicko Dankoulodo, ya taɓa jagoranta. Shekara hamsin muna jin cewa harshe ɗaya ya sa mun zama dangi. Ba a taɓa fassara wannan dangantaka zuwa izinin aiki ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Maris na 2025, kuma ban ga wanda ya rasa wata ƙofa da ficewar ba.

Laifi tudu ne, in ji masu magana, don haka bari in sauko daga kan namu in dube shi. A ƙarshen 1963, da rikicin tsibirin Lete ya yi zafi tsakaninmu da Dahome, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome da suke aiki a nan, akawuna da malamai da ma'aikatan ofis, mutanen da su ne suke riƙe da alƙaluman ƙasar a lokacin da namu masu ilimin ba su taka kara sun karya ba. Ghana ta yi wa baƙi haka a 1969, Najeriya ta yi a 1983, kuma a duka biyun akwai iyayenmu cikin waɗanda suka dawo da tabarma a ka. Yau ma, mu da muke cikin sana'ar mun san wanda yake koyar da lissafi da kimiyya a yawancin makarantun kuɗi na biranenmu: da yawa ƴan Togo ne da ƴan Benin. Nawa ne daga cikinsu suke da rubutaccen kwantaragi? Nawa aka yi wa rajista a asusun fansho? Na taɓa koyar da ƴan awanni a wata irin wannan makaranta, inda wani abokin aikina baƙo ya shekara tara. Ranar da ya nemi ƙari, sai mai makarantar ya tuna masa, cikin murmushi, cewa takardunsa ba su cika ba. Na ji, na kuma yi shiru, kuma shirun nan yana damuna har yau.

Dokar aikinmu ta 2012 ta ce kwantaragin baƙo sai a rubuce, sai kuma hukumar samar da aiki ta sa masa hatimi, kuma ana ɗauko baƙo ne inda ba a samu ɗan ƙasa mai wannan ƙwarewa ba. A takarda, kusan irin ta Faransa ce. A aikace kuwa ta daɗe tana barci a gaban manyan kamfanoni tana farkawa a kan ƙananan mutane. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'ai uku ƴan China na kamfanonin man fetur, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Madalla da a ce aiki ɗaya albashi ɗaya. Amma ƙa'idar in gaskiya ce, ba ta san fuska ba: yadda ta hau kan wanda ake biya ninki don shi baƙo ne, haka ya kamata ta tsaya wa malamin lissafin da ake biya rabi don shi baƙo ne. Mun fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, kuma shugabannin ƙawancen Sahel sun sanar cewa ƴan ƙasashen yankin za su ci gaba da shiga da zama ba biza. Sanarwa ce mai kyau. Ina so in ga ta zama haƙƙin da malamin nan zai iya riƙewa a hannu ya shiga da shi ofishin sufeto na aiki.

Abin da nake nema daga masu ɗaukar gwanayenmu bai fi ƙarfinsu ba. Wanda aka amince masa ya yi aikin, a ba shi albashin aikin da takardar da ba ta rataye a wuyan uban gida ba. In an ɗauki likitan da wata ƙasa ta horar, a zauna da ƙasar a yi yarjejeniya a rubuce, a mayar da wani abu ga makarantar da ta fitar da shi. A kuma bar masa hanyar zuwa da komowa, domin da yawa daga cikinsu za su so su zo su yi wata uku suna fiɗa a Damagaram ko Tawa, abin da yake hana su shi ne tsoron kada takarda ta mutu suna nan. Daga ƙungiyoyin malamai kuwa ina neman abu mafi sauƙi: ranar da muke yi wa ƴan ajin ƙarshe bayanin hanyoyin karatu, a daina tsayawa a kan sunayen jami'o'i da hotunan dusar ƙanƙara. A karanta musu dokokin nan layi-layi, da faransanci a fassara da hausa, su san bambancin biza da takardar zama da izinin aiki, su san cewa digirin da suka sha wuya a kansa yana iya komawa takardar koyon aiki da zarar jirgi ya sauka. Wanda ya ji duk wannan ya ce zai tafi, a yi masa addu'a ya tafi da idonsa buɗe.

Ɗalibina ya samu sabuntawar, ta wata shida. Ya ce zai sake zama jarrabawar, wannan ne karo na biyu, kuma an riga an sa sunansa a jerin masu gadin ƙarshen shekara. Ƙanwarsa tana ajin ƙarshe a hannuna bana, ita ce ta ɗaya a kimiyyar halittu. Makon jiya ta tsaya bayan an tashi, ta tambaye ni ko gaskiya ne a Kanada ba a sa likita layi.